Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Ce Sata Nake Koya Wa Yara

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Asabar, a taron yaye ɗalibaina, ka miƙe gaban iyayensu ka tambaye ni: wai kwafar manhaja kyauta da nake koyarwa, har ina cewa tana iya girgiza jari-hujja, ba sata ba ce aka sa wa riga? Ka ƙara da cewa in da gaske nake, me ya sa nake karɓar kuɗin gyaran kwamfuta. Na yi shiru saboda furfurarka. Amma kalmar nan ta hana ni barci, kuma tunda a bainar jama'a ka faɗe ta, a nan zan amsa.

Kuɗin gyara ladan gumina ne, ba zan tsaya kansa ba.

Sata ita ce ɗaukar abin mutum ba da izininsa ba. Abin da nake ɗora wa kwamfutocin yaran nan kuwa, masu shi ne suka rubuta cewa a kwafa, a gyara, a raba. Richard Stallman ya fara aikin GNU, wato haɗa manhajar da kowa ke da izinin kwafa da gyarawa, a 1983, a 1989 ya fito da lasisin GPL. Sharaɗinsa shi ne, in ka gyara ka raba, to ka bar wa na bayanka damar da ka taras. Linus Torvalds ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, daga baya ya sa shi ƙarƙashin wannan lasisi, kuma wayar Android da ke aljihunka a kan Linux ɗin aka gina ta. Masu kwafar fina-finan Kano a faifai suna sayarwa ba da izini ba, su ne suka ci haƙƙin mutane, na kuma sha faɗa wa ɗalibaina haka. Me ya haɗa ni da su?

Abin da ya fi yi mini ciwo, a Sakkwato aka yi wannan magana. Rubuce-rubucen Shehu, da na Abdullahin Gwandu, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u, yaya aka yi suka iso mu? Almajirai ne suka duƙa da alƙalami da tawada, wannan ya kwafa daga wancan, ya ɗauka ya kai garinsu. Kai ma a zaure ka yi karatu, ka san haka. Buhun gero in ka ba ni ya bar rumbunka, amma shafin da na kwafa yana nan a hannunka.

Ban ce kwafi zai kayar da jari-hujja ba, girgiza na ce, kuma na san iyakarta. A 2018 Microsoft ya sayi GitHub, inda masu manhajar kyauta ke ajiye aikinsu, kan dala biliyan 7.5. A 2019 IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da ke sana'a da Linux, kan dala biliyan 34. Manhajar kyauta ce, amma data da wuta da ita kanta wayar na mai jari ne. Duk da haka, yaron da ya buɗe zanen Arduino, ƙaramin allon lantarki da aka ƙirƙira a Italiya a 2005 aka bar zanensa a fili, ya ga yadda aka haɗa abu, ya daina jin tsoronsa. Wannan ce ribar da nake gani da idona.

Mu fa an mayar da mu masu saye kawai. Fatar jar akuyarmu tana fita waje ta dawo takalmi da jaka masu tsada. Waya ta lalace, an liƙe ta da gam, kamfanin ya ɓoye zanenta, sai mai ita ya jefar ya sayi sabuwa. Da na nemi in nuna wa yara ciki, sai aka kira ni ɓarawo. Kuma ka yi haƙuri, Malam, kowa ya san shagon fotokwafinka ya rage ciniki tun da ɗalibai suka koma karatu a waya. Ina jin zafin wannan ne ya yi magana.

Iyaye biyu sun janye 'ya'yansu bayan maganarka. Shekaru na yi a unguwar nan, ba a taɓa kai ƙarata kan kayan kowa ba. Ina roƙonka ka zo shago ka karanta lasisin da kanka, zan fassara maka shi layi-layi, sannan ka janye kalmar gaban waɗanda suka ji ta.

Ƙaninka,
Mai gyaran kwamfuta, Sakkwato.