Cutar daji: birkin na nan, hana shi aiki ake yi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a nan Sakkwato. Da an ce wance ta kamu da sankarar mama, sai ka ji ana raɗa cewa jifa ne. Ka ba ni fili in faɗi abin da masana suka gano.

A jikinmu akwai ƙwayoyin gado, irin su p53 da PTEN, da aikinsu hana ƙwayoyin halitta hayayyafa barkatai. Su ne birki. A da an ɗauka sai birkin ya karye ƙari ke fitowa. Ashe yakan kasance lafiya lau, a hana shi kamawa. Akwai wasu 'yan guntayen RNA (sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayar halitta), ana yi musu laƙabi da miR, haruffan gado kusan 22 kacal, waɗanda ba sa haɗa furotin. Sai su manne wa saƙon haɗa furotin da ƙwayar gado ta aika, su hana a karanta shi. Haka ɗaya daga cikinsu, miR-21, ke yi wa PTEN, kuma ana samun ta da yawa a sankarar mama. Ƙwayar gadon ba ta lalace ba, amma furotin ɗinta ya yi ƙaranci, ƙari ya samu sarari.

Ba dukkan guntayen nan ne mugaye ba. Ita p53 kanta da miR-34 take aiki wajen taka birkin. A 2002 kuma ayarin wani masani, Carlo Croce, ya gano cewa miR-15 da miR-16 sun ɓace ko sun ragu a jikin yawancin masu wata sankarar jini.

Ikon Allah, a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya aka fara ganin irin wannan RNA a 1993, aikin da ya kai masana biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, ga lambar Nobel a 2024.

Sai dai fa ganowa daban, magani daban. An gwada wani magani mai kwaikwayon miR-34, mai suna MRX34, aka tsayar a 2016 saboda ya hargitsa garkuwar jiki, har aka rasa rayuka. To balle mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana narkar da daji.

Don Allah, Edita, ka tura wakilinku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likitocin sashen cutar daji su yi wa mata bayani da Hausa: wane ƙullutu ne ba a jira da shi, kuma nawa ne kuɗin gwaji.

Wassalam.

Wani malamin kimiyya,
Mabera, Sakkwato