Zagaya gari da baƙi da ƙananan yara

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili in ja hankalin magidanta masu kwasar baƙi da yara su zaga Kano a rana guda.

Babban kuskure shi ne fita bayan rana ta take. Dutsen Dala matakala 101 gare shi, ga sama ba inuwa. A hau shi kafin tara na safe, ɗan ƙasa da shekara huɗu kuwa sai a goya shi. Daga nan sai Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, ginin ƙasa ne mai sanyi. A marinar Ƙofar Mata fa a kula, ramukan baba suna da zurfi, bakinsu dab da ƙasa, kada a saki hannun yaro ko kaɗan. Kasuwar Kurmi lungunanta matsattsu ne, manya su je su kaɗai.

Kowane yaro da gorar ruwansa, da kayan canji, da ɗan dabino. A dawo gida kafin azahar, don yaron da bai yi barcin rana ba shi ke ɓarke kuka da magariba, baƙo ya kasa hira, uwargida ta kasa tuƙa tuwo. Gidan Zoo a bari sai washegari da la'asar, ban da ranakun sallah saboda cunkoso.

Mai karatu, Kano