An sauya wa 'yata darasi a bayan idona, ni kaɗai ce ban sani ba

Assalamu alaikum Anti,

Ya aiki, ya ƙoƙari da jama'a? Ki yi haƙuri idan wasiƙar nan ta zo miki a hargitse, kwana uku ke nan rabona da barcin kirki.

Maganar 'yata ce. Shekararta 16, tana aji biyar na sakandare, ɓangaren kimiyya. Tun tana firamare kowa ya san likita za ta zama. Ba ni na ɗora mata ba, Allah ne shaidata, da bakinta take faɗa, har ƙannenta suna kiranta Dakta. Shekara biyu ina biyan malamin da ke zuwa gida yana ƙara mata darasin kemistiri, daga ɗan abin da nake samu. Ba gori nake yi ba, ina faɗa ne don ki san ba uwar da ta saki ragama ba ce ni.

Ranar Litinin ina neman biro a jakarta, ba bincike nake yi ba, sai na ci karo da takardar sakamakon zangon da ya wuce, wadda ta ce mini ba a raba ba tukuna. Na duba sama da ƙasa, babu bayoloji. A gurbinsa an rubuta darasin zanen fasaha. Da na kira ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, tun farkon shekara na ajiye bayoloji. Zanen gine-gine nake so in karanta." Anti, nan take gwiwata ta yi sanyi.

Ke kin fi ni sani, karatun likita ba a shigarsa sai da bayoloji da kemistiri da fiziks. Wanda bai rubuta bayoloji a jarrabawar gama sakandare ba, ba likitanci kaɗai ya rasa ba, har da aikin jinya da haɗa magunguna, duk ƙofa ɗaya ce. Darasi guda aka cire, amma hanyoyi uku aka toshe mata, ita kuwa yarinya ce, me ta sani?

Duk wata malama ce ta jawo wannan, wai mai ba ɗalibai shawara kan zaɓen sana'a. Bara aka kawo ta makarantar. Tun ranar taron iyaye da na fara ganinta jinina bai haɗu da nata ba, sai iyayi da kaɗa kai kamar ita ta haifa mana 'ya'yan. Ta raba wa yaran takarda mai tambayoyi rututu, wai kana son gyaran abu da hannu, kana son bincike, kana son jagorantar mutane. Yarinyar ta zauna tana yi mini bayani kamar ita ce uwar, wai tsarin wani masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan Amurka, John Holland, da ya fito da shi a 1959, ya kasa mutane gida shida: masu aikin hannu, masu bincike, masu fasaha, masu hidimar jama'a, masu jagoranci da kasuwanci, da masu aikin tsari irin na ofis. Wai ita ta fi ƙarfi a fasaha da bincike da aikin hannu, hidimar jama'a kuma ita ce ta ƙarshe a wurinta. Na ce yanzu takardar da kika cike a cikin rabin awa ta fi ni saninki, ni da na goye ki? Yaro ai yau yana son wannan, gobe wancan. Da an yi mini wannan gwajin ina shekara 16 Allah kaɗai Ya san abin da zai fito.

Bayan haka malamar ta kwashe su ta kai su ofishin masu zanen gine-gine suka yini, wai su ga aikin da idonsu. To me ya hana ta kai su asibiti? Ko da yake yarinyar ta ce an kai su, ita ce ta kasa shiga ɗakin da ake wanke ciwo. Na manta ban faɗa miki ba, ta taɓa sumewa lokacin da ƙaninta ya yanke a ƙafa. Amma wannan ai sabo ne, likitoci nawa ne suka fara da tsoron jini? Makinta na bayoloji ma ya ɗan sauka a aji huɗu, gaskiya ne, sai dai laifin malaminsu ne, kowa yana kuka da shi. Lissafi da fiziks kam ba ta da matsala, kuma ta ce su ake nema a karatun da take so.

Yanzu ba ta da zance sai na wata Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza, wadda ta fara karanta lissafi kafin ta koma zanen gini, kuma ita ce mace ta farko da ta ci babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, wato Pritzker, a 2004. Na ce mata cikin mata nawa aka samu guda? Na kuma nuna mata cewa karatun ba sauƙi ya fi ba, shi ma shekara biyar ne ko shida kafin a fara zancen lasisi, kusan daidai da na likita. In dai za a sha wuyar, me zai hana a sha ta inda ake da tabbacin aiki? Asibiti ba ya rasa maras lafiya, gini kuwa sai mai kuɗi ya ga dama.

Abin da ya fi ci mini rai ban ma zo kansa ba. A makarantarsu ba a sauya wa ɗalibi darasi sai da sa hannun iyaye. Da na ce zan je makarantar in ji wanda ya ba su izini, sai Abbansu ya ce in zauna, shi ya sa hannu. Wata bakwai, Anti! Muna kwana muna tashi a gida ɗaya, yana kallona ina biyan kuɗin darasi ina kiranta Dakta. Wai sun san ba zan saurara ba. Ni ce ba na saurare? Da sun zo mini da maganar cikin mutunci ai da mun tattauna. Ban ce da na yarda ba, amma da mun tattauna.

Ya kuma yaɓa mini magana, wai burina nake so yarinya ta cika mini. Eh, na so in yi karatun jinya ban samu dama ba, har yau in na ga ma'aikaciyar jinya cikin fararen kaya sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Amma laifi ne uwa ta so wa 'yarta abin da ita ta rasa?

Tun ranar yarinyar ba ta haɗa ido da ni. Jiya da ta tafi makaranta na buɗe littafin zanenta. Ban san sharrin abin ba sai da na ga ta zana gidanmu, ta sauya wa ɗakin girki taga zuwa inda na daɗe ina cewa da can aka sa ta da hayaƙi bai dame ni ba. Na rufe na mayar mata inda yake.

An ce sai farkon shekara mai zuwa za a yi rajistar darussan jarrabawar ƙarshe. Idan na matsa aka mayar mata da bayoloji, za ta iya cike gurbin wata bakwai? Ko ana iya haɗa shi da zanen duka biyu, don kada ƙofar ta rufe gaba ɗaya? Ita malamar kuma, in kai ƙararta wurin shugabar makaranta ko in ƙyale ta? Sannan shi Abbansu har yanzu bai ba ni haƙuri ba, gani yake daidai ya yi. Ki gaya mini ta inda zan fara da shi, don ko gaisuwar safe da ƙyar nake iya yi masa.

Ki sakaya sunana don Allah.

Taki,
Wata uwa