Lissafin labari na kayar da yaranmu

Ya Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 'yan aji shida da ke shirin jarrabawar shiga sakandaren tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa.

Ɗiyata takan taya mahaifiyarta awo a gida, kuma ko naira biyar ba ta ɓace mata a canji. Ran nan na gwada ta da baki: mai shinkafa ta sayi mudu 12 a kan naira 1,500 kowanne, ta sayar a kan 1,800, nawa ta ci? Kafin in kurɓi shayi ta ce 3,600. Na buɗe littafin tsofaffin tambayoyi, ga irin wannan tambaya da Turanci, sai yarinya ta zuba wa takarda ido tana tauna biro. A ƙarshe ta tara lambobin duka uku, ta rubuta abin da ya fito.

Ashe Turancin ne ke shige mata duhu. Ba ta gane wace kalma ke nufin a tara, wace ke nufin a ɗebe.

Ina roƙon malamai, kuma na san ajin ya cika maƙil, su riƙa sa yaro ya faɗi labarin tambayar da Hausa tukuna: me aka ba ka, me ake nema? Misalan ma a ɗauko su daga kifin Argungu da albasar Aliero. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 80 a awa ɗaya, yawancin yaranmu a hoto kaɗai suka san shi.

Naka,
Wani uba daga Argungu, Jihar Kebbi