Sanarwa Kan Wasannin Lokacin Hutu

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa.

Kamar yadda kuka sani, lokacin hutu ne gidan wasan kwaikwayonmu ya fi cika, domin ɗalibai suna gida, iyaye kuma suna zuwa da yara. Saboda haka za mu riƙa yin wasa sau biyu a kowace Asabar da Lahadi, ƙarfe 3 na rana da ƙarfe 7 na dare.

Za a yi gwaji na ƙarshe ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma, cikin cikakkun kayan wasa, tare da fitilu da na'urorin sauti, ba tare da tsayawa ba daga farko har ƙarshe. Duk mai fitowa a dandamali dole ya halarta, domin rashin mutum ɗaya yakan ruɗa masu kunna fitila, waɗanda ke jiran wata kalma daga bakinsa kafin su sauya haske.

Inda muke da ƙarancin hannu shi ne tsakanin wasan rana da na dare. A nan ne ake share zaure, a ɗinke rigar da ta yage, a mayar da kowane kaya mazauninsa a bayan labule. Muna roƙon kowa ya rubuto ranakun da zai samu kafin daren Talata. Masu karɓar tikiti kuma su tabbata ba a jera kujeru a bakin ƙofofin fita ba, komai yawan jama'a.

Allah ya saka muku da alheri, ya kai mu lafiya.

Sakataren ƙungiya