A riƙa auna sugan duk wanda aka ba gado a asibiti

Assalamu alaikum Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ce wa ke ta Korona yanzu, tunda tun watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta fita daga matakin gaggawa. Mu dai a Daura ba mu manta ba. A garinmu aka fara samun ta a Jihar Katsina, cikin Afrilun 2020, a jikin wani likita da Allah ya yi wa rasuwa, kuma a jihar mu aka fara kullewa a gida ana dab da shiga azumi. Ni kuwa ina da dalili na biyu, domin a hunturun 2021 na binne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya ɗan kasuwa ne, ya ba hamsin baya, ƙaƙƙarfan mutum wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Kusan shekara guda kafin rasuwarsa ya fara rama, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare. Muka ce zafin gari ne, wasu suka ce basir ne, aka yi ta jiƙa saiwoyi. Da zazzaɓi da tari suka kama shi sai muka bi hanyar da kowa ke bi, wato kemis: maganin maleriya, sannan na taifod, sannan aka sake na maleriya. Wani mai yin allura a unguwa ya zo har gida ya ɗaura masa ruwa leda biyu, irin mai sugan nan, wai don ya samu ƙarfi. Masu zuwa dubiya kowa da kwalbar malta ko lemo a hannu, mu kuma muna lallashinsa ya sha. Sai da numfashi ya fara gagararsa muka ɗauke shi zuwa Katsina. A can wata nas ta huda masa yatsa, ta dubi na'ura, ta ɗago kai ta tambaye ni tun yaushe yake da ciwon suga. Na ce ba shi da shi. Ta juyo mini da na'urar, lambar ta haura 400. Kwanansa tara kan iskar oksijin, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Na yarda kwana ne ya ƙare, kuma ba na ɗora wa kowa alhakin ransa. Amma addininmu bai hana neman sanin sababi ba, shi ya sa bayan an share makoki na zauna na yi ta karance-karance da tambayar ma'aikatan lafiya. Abin da na gano ya tayar mini da hankali, domin ashe tun kafin Yaya ya kwanta likitocin duniya sun riga sun ga wannan abu ƙuru-ƙuru.

A Ingila, cikin watannin farko na annobar, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda Korona ta kashe a asibiti masu ciwon suga ne. Wannan bai ba ni mamaki ba kamar abin da aka gani a Sifaniya, inda aka bi bayanan marasa lafiya fiye da 11,000 da aka kwantar a 2020, aka kasa su gida uku bisa awon sugansu a ranar da aka ba su gado. Waɗanda awonsu bai kai 140 ba, kusan 16 cikin 100 suka rasu. Masu 140 zuwa 180, kusan 34 cikin 100. Waɗanda suka haura 180 kuwa, 41 cikin 100. Kuma haɗarin bai tsaya kan waɗanda aka san suna da ciwon ba, ya haɗa har da mutanen da ba a taɓa ce musu suna da suga ba. A lardin Hubei na ƙasar Sin ma an kwatanta masu ciwon suga da aka kwantar: waɗanda aka iya daidaita musu sugan a asibiti kusan mutum 1 cikin 100 ne ya rasu, waɗanda nasu ya ƙi sauka kuwa 11 cikin 100. Ni wannan na ƙarshe ne ya fi tsaya mini a rai, don ya nuna akwai abin da hannu zai iya yi.

Yadda wani likita ya fahimtar da ni, abin kamar wuta ce da iska, kowace na ƙara wa 'yar uwarta. Idan ciwo ya tsananta jiki kan saki sinadaran tashin hankali, ga kumburin da cutar ke haddasawa, sai insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ya kasa aikinsa yadda ya kamata, suga ya taru a jini ko da mutum bai ci komai ba. Shi kuma sugan idan ya yi yawa yana kashe wa garkuwar jiki kaifi, ya lalata bangon jijiyoyin jini, ya sa jini saurin daskarewa, sannan yawan fitsari ya tsotse ruwan jikin mutum har ƙoda ta galabaita. Huhun da ke fama da cuta sai ya samu kansa cikin jikin da ba zai iya taimakonsa ba.

Akwai kuma wani ƙulli da ya shafe mu kai tsaye. A watan Yunin 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford suka sanar cewa deksametason, magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin kawai. Ya ceci rayuka da yawa, babu musu. Sai dai shi kansa yana hawar da suga, don haka a asibiti ake haɗa shi da awo a kai a kai, da insulin idan ta kama. Indiya ta ga illar sake da wannan a 2021, lokacin da wata cutar fumfuna mai cin hanci da ido ta auka wa dubban masu Korona, galibinsu masu suga da aka ɗura wa irin waɗannan magunguna. To wannan deksan shi ne ake sayarwa a kemis ɗinmu ba takardar likita, 'yan mata na sha don su yi ƙiba kafin biki, tsofaffi na sha saboda ciwon gwiwa. Wa ke auna musu suga? Babu.

Edita, Korona ta lafa, amma ciwon huhu da zazzaɓi mai tsanani ba su je ko'ina ba, kuma ƙididdigar duniya ta nuna fiye da rabin masu ciwon suga a Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba. Yayana ɗaya ne daga cikinsu. Bayan rasuwarsa na tattara 'yan gidanmu muka je aka auna mu da safe kafin karin kumallo, sai ga ƙanwarmu ta wuce 126, iyakar da likitoci ke fara zargin ciwon. Aka maimaita, aka tabbatar. Yau tana shan maganinta, tana harkokinta.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da shugabannin asibitoci shi ne a mayar da awon suga kamar awon hawan jini: duk wanda za a ba gado a huda masa yatsa tun daga ƙofa, ko ya ce yana da ciwon ko ya ce ba shi da shi, kuma kada a ɗaura wa kowa ruwa mai suga sai an auna. Ɗigon jini ɗaya ne, ko minti ɗaya ba a yi sakamako ya fito. Ban ce kowa ya sayi insulin ya riƙa tsira wa kansa ba, don faɗuwar suga ma tana kisa nan take. Wannan aikin likita ne. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah a tambayi mai jinya kafin a buɗe wa mara lafiya kwalba.

Kai kuma ina roƙon ka tura wakilinka ya zaga ƙananan asibitocin mazaɓu, ko da na masarautar Daura ne kawai, ya tambaya a nuna masa na'urar awon suga, ya duba ko tana da batir, ko akwai tsinken gwajin da bai lalace ba. Abin da ya gano a buga mana shi a jarida.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Daura, Jihar Katsina.