Wasiƙa ga abokina kan sabon katin hoto da tsofaffin wasanni

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayarka: in ka sayi sabon katin hoto, wato na'urar da ke zana hotunan wasa a cikin kwamfuta, tsofaffin wasanninka za su ƙara kyau ne, ko gudu kawai za su ƙara?

To, ya danganta da abin da masu wasan suka ajiye a ciki tun farko. Abin da ke ƙaruwa ba tare da wahala ba shi ne yawan ɗigon da ke kan allo. Wasan Doom na 1993 ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye yake zanawa, 64,000 ke nan. Allon 4K na yau kuwa ya haura ɗigo miliyan 8. Sai dai kaifin layi kaɗai wannan zai ba ka, domin da ƙananan alwatika ake haɗa sifar abubuwa a yawancin wasanni. Idan da 'yan alwatika kaɗan aka gina kan soja, ko ka kai shi 4K kan nan mai kusurwa-kusurwa za ka gani, kusurwoyin ma su ƙara fitowa fili. Hoton bulo da aka manna a bango shi ma, da ka matso kusa sai ya zama dishi-dishi.

Akwai waɗanda suka yi tanadin gaba. Kamfanin Crytek na Jamus ya fitar da wasan Crysis a 2007, da saitin ƙoli wanda da ƙyar kwamfutocin lokacin ke ɗauka: ganyen daji na kaɗawa, inuwa na bin su, ga teku, ga tsaunuka can nesa. An ɗauki shekaru ana gwada ƙarfin sabuwar kwamfuta da shi. Ni dai ina ganin sun kyauta, ko da yake waɗanda suka saye shi a shekarar sun sha haushi.

Amma ga inda gizo ke saƙa. An gina wasan ne kamar gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai yi ta hauhawa yadda aka saba. Alhali tun 2004 gudun firosesar Pentium 4 ya tsaya a 3.8 GHz, zafi da cin wuta suka hana shi gaba. Sai masu ƙera firosesa suka koma raba ta gida biyu, gida huɗu, gida takwas, kowane gida da aikinsa. Crysis kuwa gida ɗaya yake ɗora wa yawancin nauyin, kamar lebura takwas a tsaye, ɗaya na ɗaukar buhu, sauran na kallo. Shi ya sa bayan shekaru, a kan kwamfuta mai tsada, yana iya sarƙewa in faɗa ya yi zafi, katin hoton na zaune yana jira.

Ka ambaci Quake II da ka gani yana walƙiya. Wannan ba aikin kati kaɗai ba ne. Wasan na 1997 ne, id Software da ta yi shi ta saki lambobin ginin injinsa ga kowa a 2001, sannan a 2019 Nvidia mai ƙera katin hoto ta fitar da wanda aka sake wa tsarin haske gaba ɗaya, ana bin sawun hasken daga inda ya fito zuwa duk inda ya bugi abu ya dawo. Mutane ne suka zauna suka yi wannan gyaran.

Abin da ya fi kusa da burinka shi ne Nanite na Unreal Engine 5, injin gina wasanni wanda ya fito a 2022. Ana ajiye sifar abu da alwatika masu ɗimbin yawa, injin ya riƙa zaɓar adadin da zai zana gwargwadon nisan abin da yawan ɗigon allo. Sai dai tsofaffin wasanninka ba da shi aka gina su ba.

Saboda haka kada ka yi gaggawar saye. Turo min sunayen wasannin da ka fi bugawa da irin firosesar da ke cikin kwamfutarka, mu duba ko ita ce ma ke riƙe ka. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka